Raƙumin da Bai Kai Bilma Ba

Kuɗin motata zuwa Yamai, awarwaron Tima na sayar wa maƙeri. Ku ba ku san Tima ba. Ƴata ce, ƙyanda ta ɗauke ta tun ba ta isa shiga lakkol, makarantar boko, ba. Bayan sadakar arba'in ɗaki ya yi mini faɗi, na ce bari in je in wanke tukwanen wasu.

Na samu aiki gidan wata Madam Hadiza. Na tambayi mai gadi sana'arta, ya ce littafin yara take rubutawa. Na ce to, aikin fa? Ya ce aikin ke nan. Mace da hankalinta, ta wuni gaban wani akwati, ordinatar suke ce masa, tana kukan kura ita kaɗai don ta ji yadda za ta rubuta shi. Ran Laraba takan tara yaran unguwa ta karanta musu. Duk shafin da yaro ya tashi fitsari, yage shi take.

Wata rana ina tsintar shinkafa ta ji ina gunguni.

"Mene ne wannan, Inna?"

"Tatsuniya ce, Madam. Ɗan raƙumi ne ya bi ayarin gishiri zuwa Bilma neman uwarsa."

"Zauna ki ba ni."

"Da rana tsaka? In na ɓace a Yamai wa zai neme ni?"

Ta ja labule, ta ce ga dare nan. Mutanen birni ke nan.

Na ba ta, har inda ɗan raƙumi ya iso rijiya ya tarar ba guga. Nan na tsaya.

"Sai me ya faru?"

"Sai Tima ta yi barci. Kullum nan take barci. Ban taɓa wuce rijiyar nan ba."

"Inna, masu buga littafi ba su karɓar labari ba ƙarshe. Mu ce ya ga uwarsa."

"Abin da ban ba Tima ba, ba zan ba ƴaƴan wasu ba. In kin ƙara masa, ki nemi wata kuku."

Mako guda muna gaba, ina zuba mata gishiri da yawa a miya, tana cinyewa haka nan. Ran Laraba ta karanta wa yara har rijiya, ta rufe. Ba wanda ya tashi fitsari. Faɗa ma suka yi, wannan ya ce hankaka ya kawo guga, wancan ya ce ƙarya ne, ruwan sama aka yi. Madam ta dube ni, ta bar shafin ƙarshe fari, kowane yaro ya zana nasa.

Da na komo Agadas da kwali, maƙwabta suka zaci atamfa ce, alhali littafin raƙumin ne aka buga da yawa. Ga su nan, kowa ya ɗauki ɗaya, ku zana abin da kuka ga dama. Wancan na kan gado kada ku taɓa, nawa ne. Raƙumina yana nan bakin rijiya, yana jira Tima ta farka.