Dutsen Tauno da Nawa

Shugabar ƙaramar hukuma, Fasto Eskola, Yaya Aune uwargidan marigayi, 'ya'ya da jikoki, 'yan ƙungiyarmu masu nazarin sararin sama, jama'ar gari, sannunku da zuwa, sannunmu da rashi.

Ni ce Sisko Lampela. Shekara talatin na yi ina aiki da Malam Tauno Hirvelä a ɗakin hangen taurari na kan tudu. Yaya Aune ce ta ce ni zan yi magana, kuma wallahi da ta zaɓi wani da na fi so.

Malam Tauno ya kasance mai haƙuri. Ƙasarmu da rani ba ta duhu ko da dare, sai ya zauna wata uku yana goge madubi yana jiran kaka. Ya kasance malaminmu, babu ɗan makarantar garin nan da bai leƙa na'urarsa ta hangen taurari ba. Ya kasance mai rowar kofi, wannan kam Fasto ma shaida ne. A haka ya gano duwatsu huɗu cikin waɗanda ke kewaya rana.

Kun san ƙa'idarmu. Wanda ya gano dutse shi ke zaɓar masa suna, ya rubuta 'yan layuka na dalili, kwamiti ya duba ya buga. Amma mutum ba ya sa sunan kansa. Shi ya sa muke yi wa juna, kuma in an yi maka sai ka rama.

Na farko ya sa masa sunan Helmi mai gasa burodi, ya rubuta cewa ta ciyar da gari shekara arba'in. Aka buga, kafin wata ya cika muka binne Helmi. Na biyu ƙanensa Urho, lafiyarsa ƙalau, ƙanƙarar tafki ta fashe da shi kwana goma sha ɗaya bayan bugawa. Na uku tsohon malaminsa na lissafi, shi ma bai daɗe ba ya bi su. Daga nan Tauno ya ajiye alƙalami, na huɗu ya bar shi da lamba kawai. A kanti ana tsokanarsa: "Tauno, don girman Allah kar ka karrama ni, ban aurar da 'yata ba!" Sai ya yi dariya, amma ba ta kaiwa idonsa.

Ni kuwa abin haushi yake ba ni. Na sha ce masa, "Haba Malam! Kai da ka koya mana lissafi? Tsofaffi biyu da ɓacin ƙanƙara, shi ne za ka ɗora wa dutse?" Yakan ce, "Sisko, kin cika baki."

Da na gano nawa dutsen, na aika da sunansa ban gaya masa ba. A ɗakin nan na miƙa masa takardar ranar da ya cika shekara tamanin, kuna ta tafi. Ya karanta, ya naɗe, ya tambaye ni a hankali, "Yaushe aka buga?" Na ce jiya. Na ga yana ƙirga da yatsu a ƙarƙashin tebur.

Kwana ashirin suka wuce yana saran itace, yana cin miyar kifinsa. Ranar ta ashirin da ɗaya ya zo gidana da rana tsaka, fuskarsa wasai. Ya ce, "Ke mai baki, kin yi gaskiya, ga ni garau. Shekara nawa na yi ina tsoron dutse! Na rama miki, na aika sunanki a kan na huɗun." Ya nuna mini abin da ya rubuta: wadda ba ta jin tsoro.

Kwana biyar bayan haka Yaya Aune ta same shi zaune a ɗakin tudu ya cika, rufin a buɗe da hantsi, na'urar na kallon sama inda babu abin gani. Likita ya ce zuciya ce.

Yaya Aune, shekaranjiya kin riƙe hannuna kin ce, "Sisko, rubuta musu su janye sunanki, ba a buga ba tukuna." Ga amsata a gaban jama'a. In na janye, na yarda ke nan da hannuna na kashe miki miji, kuma na mayar masa da kyautarsa ta ƙarshe. In na bari, zan tsaya a kan abin da na gaya masa shekara da shekaru. Ba zan janye ba. Amma layin da ya rubuta a kaina bai yi daidai ba, ina jin tsoro ƙwarai. Jiya na kama kaina ina ƙirga da yatsu.

'Ya'ya, ku riƙe mahaifiyarku. Mun gode wa matan coci da suka yi girki, da duk wanda ya taka ya zo. Allah ya ji ƙan Tauno, ya ba shi hutawa, ya ba iyalinsa juriya. Kwamiti zai buga sababbin sunaye ranar Litinin. Fasto, in ka tashi yin addu'a, ka sa da ni.