Ranar da Na Roƙi Lemo Aka Hana Ni

'Yan'uwa mata na zumunta, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya sa nake tsaye a gabanku da ƙafafuna. Ku yi haƙuri da muryata, har yanzu in na tuna abin sai gabana ya faɗi.

Waɗanda suka san ni a unguwarmu Maamobi sun san ni da son zaƙi. Kokona sai cokali ya kusa tsayawa a ciki. Rannan ƙishirwa da yawan fitsari suka kai ni asibiti, aka ce ciwon suga ne. Nas ta yi ta bayani, ni kuwa tunda na ji sunan ciwon kunnena ya toshe. Ƙafar yayata da aka yanke a Kafanchan kawai nake gani.

Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske! Na kwashe sugan ɗakina na rabar. Na je wurin Amina, mai ɗan shago a ƙofar gidanmu na haya, na ce, "Ki yi mini alkawari, ko kuka na yi a gabanki, kada ki sayar mini da abin zaƙi." Ta yi alkawari. 'Yata Grace ta bi ɗaki ɗaki ta ja kunnen kowa. Gida guda ya koma masu gadina.

Abinci ma na koma jin tsoronsa. Magani kam ba na fashi, amma karin kumallo sai in tsallake. Wani lokaci da hantsi hannuna ya kama rawa, zuciyata ta riƙa bugawa da ƙarfi, sai in ce sugan ne ya hau, in ƙara rage tuwo. Ashe ramin kaina nake haƙa!

Wata Talata na haɗiyi magani da ruwa kawai, na tafi kasuwar Tudu sarin atamfa. Na yi yawo cikin rana, na dawo a motar haya ta trotro, na sauka unguwar Nima na tako da kaya a ka. Kafin in kai gida gumi mai sanyi ya jiƙa mini riga. Leɓena ya mutu, ido yana ganin mutum ɗaya kamar biyu, ga wata yunwa kamar za ta tsinke mini hanji. Na zube a bencin Amina.

"Ba ni lemon kwalba," na ce.

"Ei, Mma! Kai da kanka ka ce ko ka yi kuka kar in ba ka. Grace zai kashe ni."

Na roƙe ta, na zage ta, ni da ban taɓa ɗaga mata murya ba. Tana hawaye ta tura kwalaben ƙarƙashin tebur. Matan gida suka fito suna ba ni baki, wai in daure, kwaɗayi ne, zai wuce. Abin da ya fi ba ni tsoro, ni ma na yarda da su. Na ɗauka Shaiɗan ne ya zo mini ta tsohuwar ƙofa.

Harshena ya fara nauyi. A zuciyata na ce, "Yesu, ban san ko jaraba ce ko mutuwa ba. Ka aiko mini wanda ya sani." Iyakar addu'ar ke nan, ko amin ban kai ba.

Sai ga Baba Isaka, tsohon direban da ke ɗakin ƙarshe, yana dawowa daga sallar azahar. Shi ma ciwon ya daɗe a jikinsa. Ya dubi gumin goshina da rawar hannuna, ya ce, "Kin sha magani?" Na ɗaga kai. "Kin ci abinci?" Na girgiza kai.

"Amina, buɗe kwalba! Suganta ne ya faɗi."

"Baba, na yi alkawari."

"Buɗe, na ɗauki laifin. Yi sauri tun tana iya haɗiya!"

Shi ya riƙe mini kwalbar. Ina sha ina tsoro, ina cewa shi ke nan ƙafata ta tafi. Amma bayan ɗan lokaci ido ya washe, rawar ta lafa, na gane fuskar kowa. Suka kawo burodi da ƙosai na ci. Halleluya! Ku duba ta hannun wanda Ubangiji ya amsa mini!

Washegari Grace ta mayar da ni asibiti, wannan karon na buɗe kunne. Nas ta ce suga yana faɗuwa kamar yadda yake hawa, musamman in an sha magani ciki babu komai, kuma faɗuwar tana iya ɗauke mutum nan take. Ta ce in na ji alamun nan in sha abu mai zaƙi maza, in bi da abinci. In kuwa mutum ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a ruga da shi asibiti. Likita ya gyara mini maganin.

Har yau Amina ba ta iya haɗa ido da ni sosai. Na ce mata ba ta da laifi, amana ta riƙe, ni ce na ɗaure ta da alkawarin da ban san ƙarshensa ba. Na warware mata shi a gaban kowa.

Ba zan ce muku tsoron ya tafi duka ba. Amma ina ci a kan lokaci, ina shan magani, ina gode wa Yesu da ya ji addu'ar da ba ta da amin. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, yana ji.

Kun ga ƙullin nan a bakin zanena? Alewa ce. In kun gan ni ina rawar jiki ina gumi a tsakiyar sujada, ku yi mini addu'a, amma don Allah ku fara kwance shi.