Kore a Wurin Shuɗi

A ɗakin jiran asibiti, wani dattijo ya ga mutumin da ke gefensa ya ƙura wa kwamfutarsa ido yana salati.

"Lafiya, ɗana?"

"Baba, lissafin launi na rubuta da Haskell, yaren kwamfuta. Layi ɗaya na yi ta kwafa wa ja, kore da shuɗi. Yau da na haɗe su, na ga kore na bari a wurin shuɗi. Wata takwas ana aiki da shi haka!"

"Don fenti kake wannan salatin?"

"Wane fenti? Na'urar duba launin gwajin fitsari ce."

Dattijon ya dubi takardar gwajin fitsarinsa da ta ce lafiyarsa ƙalau, murnarsa ta koma ciki.

"Wane asibiti ke amfani da ita?"

"Baba, me kake tsammani ya kawo ni nan?"