Gadon Ambarwati Ya Gaji da Jira

Assalamu alaikum. Mai girma dagacinmu Darmaji, liman, matan ƙungiyar manoman shinkafa, da ku samarin da kuka ɓuya a baya kuna latsa waya, duk ina gaishe ku. Na gode da kuka ba tsohuwa Sutinah amsa-kuwwa, za ku yi da-na-sani.

Ga kacici-kacici, ku riƙe mini: kowa yana ɗauke da nasa tun ranar haihuwa, ba wanda ya taɓa ganin nasa, in ya lalace kuma sai hannun wani.

Magana ta farko. Shekara hamsin ina kankare jikin mutanen ƙauyen nan da kwandala da man kwakwa in sanyi ya shige su. Liman, kada ka sunkuyar da kai, na san inda jan layi ya fi fitowa a jikinka.

Ta biyu. Jikata Ambarwati ta yi karatun gyaran ƙashi a Semarang, ta dawo ta buɗe ɗaki kusa da kasuwa. Mako uku ke nan, ko kaza ba ta leƙa ba. Tsofaffi sun ce za ta murɗe musu wuya kamar na agwagwa, wasu kuma kunyata suke ji. Jiya na tarar da ita tana naɗe kaya. Ta ce, "Kaka, Jakarta zan koma, a nan ke ce asibiti." Na ce, "Ke, ƙarama da ke, har kin iya fushi da gari guda?"

To, ku ji abin da ban taɓa faɗa ba. Mu a wurinmu, in layi ya yi ja, ciwo ya fita. Wata biyu ina kankare Ngadiman mai sassaƙa, kullum layin yana yin jawur, ina murna, yana ƙara duƙewa. Yarinyar nan ta taɓa shi sau ɗaya ta ce, "Kaka, ajiye kwandalar nan, wannan ba nawa ba ne, ba naki ba ne, a kai shi asibiti a ɗauki hoto." Ashe ƙashi ne ya tsage. Ngadiman, miƙe su gan ka. Sannu a hankali!

Ita ma kuma, ranar da mura ta kama ta, wa ta lallaɓo wurinta da kwandala a hannu? Ni ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yatsuna sun fara rawa, kun gani kun yi shiru. In Ambarwati ta tafi, wa zai taɓa ku? Saboda haka gobe da hantsi ni zan fara hawa gadon nan nata na gyaran ƙashi, a bar ƙofa a buɗe kowa ya kalla. In na sauko da ƙafafuna, liman ne na biyu.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya zaunar mana da 'ya'yanmu a gida, Ya albarkaci damina. Na gode.

Af, amsar: baya ne. Nawa ma ban taɓa ganinsa ba.