Roba Mai Laushi

A wani gareji a unguwar Bukoki, Hamani direban taksi na jiran layi. Idonsa na kan tsohuwar motar wani dattijo, ana canza mata robobin ƙafa da na pon, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya.

"Baba, wallahi motar nan ta sami gata! Amma me ya kai ka sayen adaftabul, waɗannan robobin kanti masu laushi? Damina ɗaya za su yi. Ni daga tayar babbar mota ake yanko mini, shekara uku ko gezau."

"Irin naka suna daɗewa kam," in ji dattijon. "Sai dai ramin da roba ta ƙi sha, bayan mutum ke shan shi."

"Ai mota ba katifa ba ce."

"Tawa katifa ce. Hajiyata na ciwon baya, duk Talata sai asibiti, ka kuwa san hanyar unguwarmu ta Dar es Salam. Gara roba ta mutu, ita ta sauka da ƙafarta."

Hamani ya tuna innarsa: duk sanda zai ɗauke ta, sai ta ce ta fi son ta taka, wai don motsa jini.

Ya juya wurin makanike. "Maigida, irin na Baba, da saura?"