Ƙafa a Ƙarƙashin Sikeli

Mota ta ƙi cika a tashar Malumfashi, 'yata sai mutsu-mutsu take yi a bayana. Na matsa da ita inuwar wani tsohon shago mai zanen zamanin auduga a bango: mai awo da ƙaton tumbi, manomi kamar sillen kara. Wani Alhaji na tsaye da bokitin fenti, sai wata dattijuwa ta tare shi.

"Alhaji, shafe shi za ka yi?"

"Na sayi shagon, baiwar Allah. Zanen banza ne, ba kowa aka zana ba."

"Banza? Dubi ƙafar mai awon. Ya tokare sikeli ta ƙasa don kada buhu ya yi nauyi."

"Ba tokarewa ba ce. Ciwon gwiwa gare shi, dole ya miƙe ta."

"Ashe ka san shi."

Alhaji ya yi ta juya fentin. "Tun muna yara ake nuna mana bangon nan. Yanzu har jikokinsa ake yi wa gori."

"To, shafe naka," in ji ta. "Amma ka bar mini ramammen. Ba mu da wani hoton babanmu sai shi."