Karan da aka auna Habibu da shi

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka da aiki.

Ni mutumin Makoda ne, amma dako nake yi a Legas, na gaji. Ɗana Habibu kullum a ƙafa yake zuwa noman rani Watari, sai na ce bari in saya masa keke na hannu, mai giya, irin mai bin kwalta da burji. Mai kekuna ya ce kowane firam da tsawon mahayinsa, in kawo awon yaron.

Na aika gida. Uwarsa ta auna shi da karan dawa, ta ba direban motar tumatir ya kawo mini. Inna, mahaifiyata, da ta ji sai ta kira ni tana kuka, ta ce gawa kaɗai ake aunawa da kara, in za a haƙa kabari.

Duk da haka na kai karan. Mai kekuna ya dube shi, ya jawo wani baƙin keke, ya ce, "Wannan ne daidai. Tsawonsu ɗaya da mai shi, Allah ya jiƙansa."

Ban zarge shi ba, gaskiya ya faɗa. Keken yana ɗakina, karan na jingine da shi. Habibu kullum sai ya tambaya.

Jama'a, in aika masa ko kuwa?